Na Ga Ƙofarsa a Share

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Surukina, mahaifin matata, ya riga mu komawa a tsakiyar sanyin bana, wata ranar Talata da dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba. Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da shi, saboda a ƙasar nan mutum yakan rasu ranar Talata, kafin Juma'a an koma hirar aiki da cunkoson hanya.

A gidanmu na Upper Marlboro aka yi zaman makoki. Kwana uku bakin ƙofa cike da jiƙaƙƙun takalma, kowanne ya bar farin tabon gishiri a kan darduma. Limamin masallacinmu ya ce shekara da shekaru bai taɓa zuwa asuba ranar ƙanƙara ya tarar da santsi a matakalar masallaci ba, kuma bai taɓa tambayar wa ke sharewa ba, don ya sani. Wani likita, wanda da kunnena na ji shi a wurin wani suna yana cewa mai gida huɗu da ke yawo da shebur ai rowa ce ke damunsa, shi ya fi kowa tsawaita yabo. Zaman makoki dai ba wurin tone-tone ba ne. Ƙanin marigayin ya bugo waya daga Haɗeja, murya na yankewa, yana ta nanata tambaya ɗaya: "Wai sanyin ne ya kashe Yaya?" Matata ta ce, "A'a, Baffa, kwana ne ya ƙare." 'Ya'yanmu biyu suna ta kai ruwa da dabino, ana yi musu gaisuwa da Hausa suna amsawa da Turanci.

A rana ta biyu wata tsohuwa Ba'amurkiya ta zo, 'yar haya ce a ɗaya daga cikin gidajensa. Ta ga tarin takalma, ta tuɓe nata ba tare da an ce mata ba. Ba ta san abin da ake faɗa a irin wannan wuri ba, sai ta ajiye wani tsohon bokitin fenti a gaban matata, gishirin narkar da ƙanƙara har rabi, da gwangwanin madara na ɗiba a ciki. Ta ce a bayan ƙofarta yake ajiye shi, ta ga bai kamata ta riƙe abin da ba nata ba. Matata, wadda ta kwana biyu tana daurewa, ta rungume bokitin ta fashe da kuka.

Ni kuwa ina gefe ana ce mini Allah ya ba da haƙuri ina cewa amin, alhali akwai maganar da nake ɓoyewa. Safiyar da ya rasu na bi ta ƙofar gidansa a mota, na rage gudu, na duba, na wuce ban tsaya ba. Ban faɗa wa kowa ba, har matata, don ina tsoron ranar da ta ji ba za ta ƙara kallona da idon da ba.

Karatu ne ya kawo shi ƙasar nan tun kafin in yi wayo. Karatun bai kai inda aka so ba, tuƙin tasi ya karɓe shi. Da guminsa ya sayi ƙananan gidaje uku a Landover, ɗaya bayan ɗaya, ya zuba 'yan haya, shi kuma yana zaune a na huɗu, tafiyar minti goma da ƙafa a tsakaninsu. Da surukata ta rasu shekara shida da suka wuce, mun yi juyin duniya ya dawo wurinmu, ga ɗaki a ƙasa ba hawan bene, ya ƙi. Ya ce, "Ina aka taɓa jin mutum ya tare a gidan surukinsa? Ku bar ni da kunyata." Matata 'yar fari ce kuma ita kaɗai Allah ya ba shi, bai taɓa kiran sunanta ba, "yarinyar nan" yake cewa ko da ta haura arba'in. Ni kuma Injiniya yake ce mini, da wata irin murya da ba ka gane girmamawa ce ko tsokana.

Shi kaɗai yake cin abincinsa, rediyo na yi masa surutu. In ba sanyi kwanakinsa dogaye ne, don 'yan haya a nan ba sa son ganin mai gida sai famfo ya lalace. Ya taɓa ce mini a ƙasar nan in ka ƙwanƙwasa wa mutum ƙofa ba dalili, sai ya ɗauka gobara ce ta tashi. Amma da sanyi ya kama sai ka ga tsoho ya farfaɗo. Yakan bi hasashen yanayi kamar manomi mai jiran ruwan shuka, in aka ce gobe ƙanƙara za ta sauka har muryarsa a waya takan canza.

Ka'ida ce a nan mai gida ya share hanyar masu tafiya da ƙafa da ke gaban gidansa bayan ƙanƙara ta tsaya, in wani ya zame ya karye kuwa sai ka ga takardar lauya. Yawancin masu gidajen haya sukan ɗora wa 'yan haya aikin a cikin yarjejeniya, ko su ba kamfani mai motar turewa. Surukina bai yi ko ɗaya ba. Ɗan manomi ne, sai ya mayar da abin noma. Tun da la'asar, kafin ta fara sauka, zai zagaya gidajen ya barbaɗa gishiri a matakala da gwangwaninsa. Da an idar da asuba sai ya fito, rigar sanyi a kan jallabiya, shebur a kafaɗa, filas ɗin shayi a aljihu. Ba ya jira ta gama zuba. Yakan ce, "Ai noman firi ne da maimai. Wanda ya jira ta tsaya, dutse zai tarar." A kowane gida yana da inda yake tara ta, kullum ta ɓangaren gangare, don in rana ta fito ta narke ruwan ya bi cikin ciyawa, kada ya ratsa hanya ya sake daskarewa ya zama tarko. Yakan tone bakin bututun da hayaƙin hita mai ɗumama gida ke fita, ya buɗe gaban akwatin wasiƙa, ya share har magudanar titi wadda ba tasa ba ce.

Abin da ke ba ni haushi a lokacin shi ne abin da ke biyo baya. In ya gama sai ya hau matakala ya ƙwanƙwasa sau uku, ya yi sallama, Musulmi ne a ciki ko ba Musulmi ba. Tambayoyinsa uku ne, ba sa canzawa: an tashi lafiya, hita na aiki, famfo na zuwa. Ba ya shiga, ba ya karɓar ko ruwa. Da hantsi ya sake zagayowa maimai, a nan ne yake tafiya kansa a sunkuye yana karanta ƙasa. Ya ce mini, "Ƙanƙara ba ta iya rufa asiri ba, Injiniya. Ƙofar da ka ga ba sawu, a tambayi lafiyar mai ita."

Na ɗauka irin zancen tsofaffi ne, sai da na ji daga bakin wani ɗan hayarsa, direban tasi mutumin Maraɗi, wanda iyalinsa ke gida shi kaɗai yake zaune. Wani sanyi da ya wuce surukina ya zo maimai ya ga motar direban har yanzu a binne, ba sawu ko ɗaya daga ƙofa. Ya san mutumin ba ya zama gida ranar ƙanƙara, ranar ce kasuwarsa. Ya yi ta bugun ƙofa har ya ji motsi, ya tarar da shi zazzaɓi ya kwantar da shi kwana uku, ko ruwan zafi bai iya dafawa ba. Direban ya ce mini a wurin makoki, "Wallahi Injiniya, tsoho shi ya ɗauke ni ya kai ni likita. Da ba don shi ba, sai dai wari ya sa a buɗe ƙofar nan."

Sai zancen kare. Surukina ba ya shiri da kare ko kaɗan, in ya hango shi yakan tsallaka titi. Tsohuwar nan mai bokiti kuwa tana da wani ɗan guntun kare mai bakin tsiya, kuma mijinta ya daɗe da mutuwa, ɗanta yana wata jiha mai nisa. Wata safiya ya ga ta ciccibo karen a hannu tana saukowa matakala da ƙyar. Ya tambaye ta dalili, ta ce gishirin yana ƙona masa tafin ƙafa. Mako na zagayowa sai ga bokiti na dabam a bayan ƙofarta, da wani gishiri na musamman wanda ba ya cin ƙafar dabba, ya fi na kullum tsada nesa ba kusa ba.

Na ce, "Baba, yanzu har kare ya samu gishirinsa?"

Ya ce, "Ni ban ce ina son sa ba. Amma shi kaɗai gare ta. In ya gurgunce, wa zai riƙa fito da ita waje?"

Shekara tara suka yi suna zaman doya da manja shi da karen nan. Yakan ƙwanƙwasa ya koma matakala ta uku daga sama ya tsaya, kare na haushi, shi yana tambayar hita da famfo daga nesa.

Bara likita ya duba zuciyarsa ya hana shi ɗaukar nauyi. Ya amsa da to, ya dawo gida ya sayi shebur marar nauyi, a ganinsa ya bi umarni ke nan. Da sanyin bana ya ƙarato na nemo wani kamfani, na karɓo takardarsu. Ranar Lahadi muna cin abinci a gidansa na fito da ita. Na yi bayanin inshora, na yi na lauya, na yi na zuciya, duk yana jina yana cin tuwonsa. Shirunsa ya tunzura ni, na manta a gaban wa nake.

Na ce, "Baba, nan fa ba Haɗeja ba ce. Mutanen nan 'yan haya ne, ba danginka ba ne. Hanya suke so a share musu, ba gaisuwa ba."

Matata ta taka mini ƙafa ta ƙarƙashin tebur. Ya tsame hannunsa daga kwano, ya dube ni, abin da ba ya yi.

Ya ce, "Kamfanin naka, Injiniya, yana sallama?"

Sai na yi dariya. A duk abin da na yi a rayuwata ba abin da nake nadama kamar wannan dariyar.

Ya ce, "To, kun gama magana. Gidajen ai gobe naku ne, in ya zama yau ma ba laifi." Ya sa hannu a takardar, ya tashi ya tafi alwala alhali lokacin salla bai yi ba.

Gidaje uku na haya na rubuta wa kamfanin. Nasa na bar masa, na ce ko ba komai ya samu inda zai motsa hannu, 'yar hanya ce da ba ta wuce taku goma ba. Daga ranar surukuta ta dawo tsakaninmu sabuwa fil. Gaisuwa a waya ta koma ina kwana, lafiya lau, a gaida yara. Mako shida ban taka gidansa ba, matata nake bari ta kai masa abinci. Ina ce wa kaina kunya ce, alhali girman kai ne, na san na yi wa babba rashin ladabi kuma na kasa buɗe baki in ce ya yafe mini.

Ranar Talatar nan ce ƙanƙarar kirki ta farko a bana. Gari na wayewa kamfanin ya turo mini hotunan gidaje uku, tas da su. Na ji daɗi irin na wanda gardama ta faɗa a hannunsa. A hanyar ofis na ratse ta Landover don in gani da idona, na ga komai yadda aka turo. Sannan na biyo ta layinsa, wajen ƙarfe takwas. Hanyar ƙofarsa a share take har ana ganin siminti. Na ce a raina, alhamdu lillahi, tsoho ya fito ya yi nasa ya koma shan shayi. Ƙafata tana kan birki. Sai wata zuciyar ta ce in ka shiga yanzu zai ɗauka ka zo nuna masa aikin kamfaninka ne. Na ɗage ƙafa na wuce.

Tsohuwar ce ta ba mu sauran labarin. Ashe ya riga ya gaya mata cewa shebur aka karɓe masa, ba a karɓe ƙafarsa ba, zai ci gaba da zuwa gaisuwa. Ta zauna tana jiran bugu uku har rana ta take, shiru. Ta kira wayarsa ba a ɗauka ba. Ta sa wa karenta igiya, mace mai shekara saba'in da wani abu, ta tako a kan santsi har ƙofarsa. Ta ce kallo ɗaya ta yi ta san ba hannunsa ba ne, don an tara ƙanƙarar ta ɓangaren tudu, kuma an watsa wani shuɗin gishiri mai tsakuwa wanda shi ba ya taɓawa. Ita ta kira motar asibiti, ta kira matata. A bayan ƙofa aka same shi kwance, ya sa rigar sanyinsa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a gefe, shayin filas bai huce ba. Yana da sauran numfashi, a hanya ya cika.

Na tambayi likitan da ya karɓe shi ko da an kawo shi da safe da an yi wani abu. Ya ce ba zai iya cewa ba. Na san ajali ba ya gaggawa kuma ba ya jinkiri, na yi imani da haka. Amma imanin bai hana ni ganin ƙafata a kan birki duk sa'ad da na rufe ido ba. Wata tsohuwa da ba ta jin ko sannu da Hausa ta gane hannunsa, ni da na auri 'yarsa shekara ashirin ban gane ba. Yadda aka yi kamfanin ya share gidan da ban rubuta ba kuwa, na ɗauka kuskurensu ne, kuma ban yi ƙarfin halin tambaya ba.

Bayan mako biyu aka sake cewa ƙanƙara za ta sauka. Da la'asar na shiga kicin na tarar da matata ta ɗauko bokitin nan tana goge gwangwanin da tsumma. Na ga in ban faɗa a ranar ba, ba zan taɓa faɗa ba. Na ce mata ta zauna, na gaya mata komai, da ƙarfe takwas, da birki, da abin da zuciyata ta raya mini. Ta ajiye gwangwanin.

Ta ce, "Ni na ƙara gidan Baba."

Ban gane ba, na ce wane gida.

Ta ce, "Ana gobe za ta zuba na kira su, na ce su haɗa da nasa, don kada ya fito da shebur. Ban gaya masa ba don zai hana. Kai ma ban gaya maka ba, na ga ba ka son a tayar da zancen. Da na bar masa ƙanƙararsa, da ka ga ba sawu, da ka tsaya."

Na ce, "Da na tsaya ko da sawu. Ubana ne."

Ba ta ce ba laifina ba ne, ni ma ban ce mata ba nata ba ne, don mun san ƙarya za mu yi wa juna. Ashe mako biyu muna kwana ɗaki ɗaya kowa na ɗauke da rabin abu ɗaya, kowa na tsoron idon ɗan'uwansa. Ta share hawayenta da bakin mayafi ta ce, "Allah ya yafe mana. Ka kira su ka cire gidan Baba."

Ban kori kamfanin ba, bayana na zaman ofis ne, ba zai iya abin da na tsoho ya iya ba. Na dai nuna musu inda za su riƙa tarawa, na hana su shuɗin gishiri a gidan mai kare. Washegari bayan asuba muka fita ni da ita, bokiti a bayan mota. A gidan farko na hau matakala na ƙwanƙwasa sau uku, na yi sallama da muryar da ni kaina na ji kunyarta. Direban ya buɗe ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Injiniya, kai ka gaji sallamar?" Na ce ina dai gwadawa. A gida na biyu wasu matasa ne mata da miji, ta bayan ƙofa suka ce komai lafiya, ba su buɗe ba. Ba kowa ke son gaisuwa ba, shi ma ya san haka kuma bai taɓa fasawa ba. Tsohuwar kuwa tun kafin in buɗe baki ta amsa mini duka ukun, ta tashi lafiya, hita na aiki, famfo na zuwa. Kare ya taso da haushi, sai na tsinci kaina a matakala ta uku ban san lokacin da na sauka ba.

Daga nan muka biya gidansa. Fari fat daga bakin titi har ƙofa, ko sawun tsuntsu babu. Na buɗe bayan mota na ɗauko shebur ɗinsa, matata ta riƙe mini hannu.

Ta ce, "Dakata tukuna. Yau dai ƙanƙara ta faɗi gaskiya."

Muka tsaya muna kallo, hucin bakinmu na tashi. Sannan ta tattare zanenta ta shiga, ƙafarta na nutsewa har ƙwauri, ta kai ƙofar mahaifinta. Ta ƙwanƙwasa sau uku, ta yi sallama, ta jira daidai yadda shi yakan jira. Da ta juyo ta biyo sawunta ta dawo, ta ɗauki bokitin ta tsaya a bayana.

Allah ya jiƙan surukina, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa. Yadda ya bi ƙofofin bayin Allah cikin sanyi yana tambayar lafiyarsu, Allah ya sa mala'ikun rahama su yi masa sallama, kada ya kwana shi kaɗai. Mu kuma da muka ga ƙofa a share muka wuce, Allah ya gafarta mana.

Na fara daga bakin titi, ina tarawa ta ɓangaren gangare. Da na iso kan sawunta sai na kauce masa, na bar shi har rana ta fito.